Kwangilar Gyaran Mutum: Ku Gama Dariyar Tukuna

Ni Bagobiri ne, ku kuwa mutanen 'Yandoto Katsinawa ne, na Laka ma kuwa. Tun kafin a haife mu aka ba ni izinin tsokanarku, kuma babu alƙalin da zai karɓi ƙara. To ku gyara zama, mai shayi a baki ya haɗiye kada ya ƙware. So nake ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu su ware kuɗi a kasafinsu, su ba ƙwararru kwangilar yi wa masu shaye-shaye magani. Kwangila dai irin wadda kuka sani, da takarda da sa hannu, sai dai a wannan karon mutum za a gyara, kwalbati ta ɗan huta.

Ina jiyo dariyarku tun daga majalisar bakin tasha. Ku gama, ba sauri nake ba. Idan kun share hawaye sai ku zo ɗaya bayan ɗaya.

Bismillah Baba Alhaji, kai ne babba. Na san abin da za ka ce: “Mi ag gamin ɗan ƙwaya da likita? Mu a zamaninmu dorina ta magani!” Allah ya ƙara girma. Ai an gwada maganin naka, an ma yi masa gidaje. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata bai cika ba aka sake buɗe irinsa a Daura da Katsina. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda ba su ga wata ƙofa ba. Da dorina tana warkar da jarabar ƙwaya, da tuni Arewa ta fara fitar da ita ƙasashen waje.

Abin da dorina ba ta sani ba shi ne, jikin da ya saba da tiramol ko kodin yakan yi tawaye idan aka yanke masa farat ɗaya: zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Mai shan rochi ko baliyam kuwa, yankewar gaggawa tana iya jefa shi cikin jijjiga har ta kai ga rai. Shi ya sa ake son wanda ya karanci abin ya sauko da shi a hankali, sannan a bi shi da zaman shawara na watanni. Ka riƙe dorinarka, Baba, jaki ma yanzu lallaɓa shi ake yi.

Hajiya, na ga kin taɓe baki. “Wannan ai lalurar Kanawa ce, mu ɗiyanmu masu tarbiyya ne.” Madalla da tarbiyya. Amma binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu mai sa maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. A Arewa maso Yamma kashi 12 cikin 100 ne, kusan mutum miliyan 3. Ba na jin an tsallake Tudun Wada da Sabon Gari wajen lissafin. Kuma ki riƙe mayafinki da kyau: cikin kowane huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Ita ba ta zuwa bayan tasha, a ɗaki take, kwalba a ƙasan gado. A watan Mayu na 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Haramci ya rufe shago, bai rufe ƙishirwa ba. Wanda ya riga ya kamu sai ya koma wa abin da ya samu.

Sai kai Malam mai lissafi, kai ne ka zo da magana mai nauyi, don haka na cire hula. Ka ce asibitin ƙauye babu maganin zazzaɓi, mai naƙuda na kwana a ƙasa, 'yan gudun hijira sun cika gari, sannan a ɗebi kuɗin talaka a kashe wa wanda ya jefa kansa? To Malam, ai kana biya tuntuni, rasit ne kawai ba a ba ka. Wayarka da aka fizge, kai ka biya. Akuyar da ta ɓace ranar kasuwa, kai ka biya. Ɗan acaɓan da ya afka wa yaro yana cikin maye, belin da aka haɗa a dangi, abincin fursuna, duk daga aljihunka. Ba na kuma buƙatar in gaya wa mutumin Tsafe abin da ake yawan kamawa a hannun masu kai wa 'yan bindiga saƙo daji. Yaron da jaraba ta ci, wanda zai iya sayar da komai don ƙwaya biyu, shi ne mafi arhar ɗan aike. A Ingila, Dame Carol Black da gwamnati ta sa ta binciki lamarin ta ce duk fam 1 da aka kashe kan magani yana tsimin fam 4 a wasu wurare. Lissafinsu ba namu ba ne, amma ko rabin haka muka samu, wace kwangilar ce a sakatariya take dawo da riba irin wannan?

Ga ɗan boko can yana gyara tabarau: “Ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, kuma ba ta da kuɗi.” Ranka ya daɗe, koma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, za ka tarar kula da lafiya na cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki. Batun kuɗi kuwa, kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya na ƙananan hukumomi 774 ne, kuma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kai tsaye. Na sani, aiwatarwar tafiyar hawainiya take yi. Amma ashe sai kuɗi sun iso sannan za mu fara tunanin abin da za a yi da su? Wanda bai shirya buhu ba, wani ne zai kwashe masa hatsi.

To me ya sa na nace sai kwangila? Saboda na san ciyamomi. Ka ce wa ciyaman a taimaki masu shaye-shaye, gobe za ka ga an aza harsashin gini, an kira makaɗa, an yanka kirtani. Bayan shekara biyu ginin na nan, ba likita, ba magani, sai jemagu. Manomin Kwatarkwashi mai kadada biyu ba ya sayen tarakta. Haya yake ɗaukowa, ya tsaya a kan gona, sai ya ga huɗa ta yi sannan ya biya. Haka nake nufi. Ƙananan hukumomin nan uku maƙwabtan juna ne a kan titi ɗaya. Su haɗa asusu guda, su sayi aiki daga masu iyawa: Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, asibitoci masu zaman kansu, ƙungiyoyi masu rajista. Wanda abin ya yi wa tsanani a biya masa gado a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, tunda tafiyar sama da kilomita 200 da kuɗin jinya su ne ke kayar da iyaye. Yawancin masu lalurar ma ba kwanciya suke buƙata ba, a duba su ne duk mako a asibitin kusa da gida.

Wannan ba mafarkin Bagobiri ba ne. Tun watan Afrilun 2013 ƙananan hukumomin Ingila ne ke riƙe da wannan aiki, kuma yawancinsu ba da kansu suke yi ba, kwangila suke ba asibitocin gwamnati da ƙungiyoyin agaji irin su Turning Point. Sun kuma yi tuntuɓe a gabanmu don mu ga dutsen. Shekara da shekaru aka yi ta yanke kuɗin, ƙwararru suka watse, mace-mace suka ƙaru, har sai da gwamnati ta dawo a Disambar 2021 da alƙawarin ƙarin fam miliyan 780. Darasin a fili yake: kuɗin da ake bayarwa bana a hana baɗi, gara ma ba a fara ba.

Yauwa, ga wanda nake jira, mai dariyar ƙeta. “Kwangila a ƙasar nan? Ai ƙanen matar ciyaman zai wayi gari likitan ƙwaƙwalwa!” Wallahi ka san gari. Sai dai in tambaye ka: don ana satar kuɗin rijiya, ka daina shan ruwa? Gyaran a takarda yake. A yi tallar aikin a rediyo. Kada a ba kowa sai mai lasisin aikin lafiya. A rubuta ƙarara: ba mari, ba duka, ba horon yunwa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ce ma'auni. A riƙa biya kashi-kashi bisa mutanen da aka duba da gaske, da lamba maimakon suna, don asirin iyali ya rufu. Kwamitin sa ido ya ƙunshi wakilin masarauta, limami, mace daga cikin iyaye, jami'in NDLEA da wanda ya taɓa sha ya daina, domin shi ba a yi masa wayo. Su shiga ba tare da sanarwa ba.

Wani zai ce a biya kawai idan mutum ya warke. Dabara ce mai daɗin ji, amma tarko ce. Binciken Amurka ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu wannan lalura sukan koma sha, kwatankwacin yadda hawan jini ke dawowa. Idan ka ce sai an warke za ka biya, ɗan kwangila zai tsince masu sauƙi ya bar maka masu wuyar, ga rahoto mai kyau, ga mahaukata a titi. A biya kan riƙe mutum cikin magani, a ƙara lada idan ya koma sana'a ko makaranta.

Liman, ban manta da kai ba. Babu mai cewa a ajiye addu'a. 'Yandoto, garin da malamansa suka yi suna tun kafin jihadi, bai kamata ya ji tsoron ƙarin ilimi ba. Kai ka riƙe zuciya, likita ya riƙe jini, ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe su koyi bin marasa lafiya har gida, Hukumar Zakka da Waƙafi ta duba jarin wanda ya tuba. Kowa da rabonsa a aikin.

Saura ku masu dariya. Ban ce ku yarda da ni ba, Katsinawa ba sa yarda da Bagobiri ko da rantsuwa. Abu ɗaya nake roƙo: kafin a rufe kasafin baɗi, ku tare kansilanku a masallaci ko wurin ɗaurin aure, ku tambaye shi naira nawa aka rubuta don maganin masu shaye-shaye a mazaɓarku, kuma wa zai yi aikin. Idan ya fara duba agogo yana cewa ana jiransa a Gusau, ku riƙe masa babbar riga har sai ya ba da amsa.