Ranar da Calais Ta Manta Matsayinta

A watan Maris na shekarar 2000 aka yi wa ƙwallon Faransa rashin kunya. Ƙungiyar Calais, wadda a lokacin ke can rukuni na huɗu, ta lallasa Strasbourg ta rukunin farko da ci 2 da 1 a gasar Kofin Faransa. Ko gaisuwar ban-haƙuri ba ta aika ba.

Su 'yan Strasbourg ƙwallo ce sana'arsu. Da ita suke ci, da ita suke sha. Su kuwa 'yan Calais malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da masu aiki a tashar jiragen ruwa. Sai an tashi daga aiki suke zuwa atisaye, wato ƙwallo a wurinsu abin huce gajiya ce. Ran Litinin mai tsaron baya zai koma bakin aiki da tsamin jiki, kuma mai gidansa ba ya karɓar “na tare ɗan gaban Strasbourg” a matsayin uzurin makara.

Da sun tsaya nan, da an yafe. Ina! Wasan kusa da na ƙarshe suka tarar da Bordeaux, zakarun Faransa na 1999, suka ba su 3 da 1 bayan ƙarin lokaci. Kocin Calais, Ladislas Lozano, sai da ya kwana asibiti. Shi da ya ci ke nan.

Nantes ce ta dawo da doka da oda a wasan ƙarshe, 2 da 1, da bugun fenariti a minti na 90. Duk da haka kyaftin ɗinta Mickaël Landreau ya kira takwaransa na Calais, Réginald Becque, suka ɗaga kofin tare.