Cajin Waya 3,000 a Kwanar Dangora

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta bar ƙasa da naira 200 ta doshi 1,000, sai Yayana ya rantse shi da gidan mai sai dai kallo daga nesa. Ya sayo jif mai lantarki ƙirar ƙasar Sin. Batirinta na cin yunit 60, irin yunit ɗin da muke saya a mita, idan ya cika kuma allon gaban direba ya yi maka alkawarin kilomita 400.

A cikin Kano babu abin kushewa. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. A cunkoson Kantin Kwari, inda wasu ke ƙona mai a tsaye, ita birkin da ka taka ma wuta yake mayar wa batir. Aibinta shiru. Akuya ba ta jin zuwanta, mai baro ma haka.

Ranar wata Asabar cikin Afrilu Yaya ya miƙo min mukulli, in kai Kawu da aminansa uku ɗaurin aure Zariya. Soket ɗin gida bai fi ya ba ta yunit biyu a awa ba, aka kuma ɗauke wuta kafin asuba, don haka muka tashi da kashi 80, allo na nuna kilomita 320. Zuwa da dawowa kusan 300 ne. A takarda lissafi ya fita.

To amma wanda ya ƙera allon bai san Kawu ba. Mutum ne da ya sha babbar riga ta shadda a zafin da ya haura digiri 40, ya ce a ƙure esi. Muna wuce Kura ya duba agogo.

"Kai, taka mana! Ko so kake mu tarar an shafa fatiha?"

Motar lantarki kuwa gudu da sanyi su ne ajalinta. Bayan an ɗaura, dattawan suka ƙi rumfa, suka dawo cikin mota suka ci shinkafarsu a sanyi. Muka juyo da kashi 25. Na kashe esi, Kawu ya kunna. Dab da Kwanar Dangora hoton kunkuru ya fito a allo, mota ta koma jan ciki, na samu na gangara gefe.

Kafin in buɗe ƙofa ɗan bumburutu ya iso da galan da mazurari. Ya zagaya motar yana neman bakin tanki, na ce masa ba ta shan mai. Ya kalle ni da tausayi ya koma inuwa. Bakanike ya zo ya ɗaga bonet, ya daɗe yana leƙe.

"Alhaji, ina ka baro injin?"

Wani yaro ne ya ce ai akwai mai cajin waya a tsallake. Na same shi cikin rumfa, wayoyi jere, ɗan janareta na kuka a baya. Na yi sallama na ce caji nake so.

"Naira ɗari ne, yallaɓai. Kawo."

Na nuna masa jif. Bai yi dariya ba, ɗan kasuwa ne. Ya tambayi girman batirin, ya jawo kalkuleta, ya daɗe yana dannawa. Batirin waya bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na yunit guda ba, don haka a lissafinsa motata waya 3,000 ce da 'yan kai.

"Dubu ɗari uku. Amma tunda da manya kake tafe, a bar 'yan kan."

Kawu ya yi salati ya nemi kujera. Muka gwada duk da haka. Ina jona wayar cajin motar janaretan ya yi tari ya mutu, masu jiran caji suka taso mana.

A ƙarshe injin wani mai walda muka yi haya. Shi kuma fetur yake sha. Na koma wajen ɗan bumburutun nan, wanda kafin in ƙaraso ya ƙara kuɗin galan, ya kuma tambaye ni cikin ladabi ko motar ce ta canza ra'ayi. Yunit biyu a awa, muna bukatar kamar goma. Muka yi la'asar a wurin. Kafin magariba Kawu da aminansa sun tare motar haya, an cusa su baya tare da kwandon kaji, ko sallama Kawu bai yi min ba.

Cikin dare na kama hanya, gilashi a sauke, ina tafiyar kilomita 40, tirela na danna min hon. A Na'ibawa wani ɗan adaidaita ya wuce ni, ya leƙo ya ce ko in kama igiya.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida da tocila. Bai tambayi Kawu ba, bai tambayi amarya ba.

"Maza jona ta, gobe da sassafe zan kai yara Islamiyya."

Na ɗauko waya na nufi soket. Ya haska min da tocilar, don tun azahar ba a kawo wuta ba.