Sabis Ya Zo, Sabis Ya Ɗauke

Mu dai a unguwar nan, da zarar intanet ɗin kwamfutar gida ya fara zuwa yana ɗaukewa, kamfani muke fara ɗora wa laifi. Maigida ya leƙo ƙofar gida ya tambayi maƙwabci, "Malam, kai ma naka yana yankewa?" In aka ce masa e, sai hankali ya kwanta, tunda damuwar ta kowa ce. In aka ce a'a, sai a ƙwala wa yaron gida kira: "Zo ka cire rautar nan ka sake jonawa." A cire, a jona, sabis ya dawo, a yi hamdala. Kafin a gama shan shayi ya sake ɗaukewa.

Tambayar maƙwabcin nan tana da amfani, kada a raina ta. Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin gida da unguwa. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, Najeriya da Ghana da Laberiya duk suka ji a jikinsu, har manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. A irin wannan rana, ko sau nawa aka cire rauta aka mayar, haƙuri ne kawai magani. Amma in na maƙwabci lafiya lau yake, kuma layinku ɗaya, to a dawo cikin gida a duba, don sau da yawa ɓarnar a ɗakinmu take.

A nan ne muka fi yin sakaci. Mun saba ajiye rauta a bayan talabijin ko a kan firiji, Hajiya kuma ta rufe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Niyyarta mai kyau ce, amma ƙyallen nan yana toshe ramukan da na'urar ke shan iska ta cikinsu. Hunturu ya wuce, ƙyalle yana nan, watan Afrilu ya kama, zafin Kano ko na Sakkwato ya haura digiri 40. Rauta ta ɗau zafi, ta kashe kanta, ta sake tashi. Mai aiki a kwamfuta sai ya ga sabis ya yanke na minti ɗaya ko biyu, ya dawo. Ku taɓa ta da hannu da tsakar rana, za ku ji.

Sai kuma wuta. Duk lokacin da aka ɗauke, aka juya zuwa janareta ko sola, rauta mutuwa take yi ta sake kunnuwa, alhali kwamfutar tafi-da-gidanka tana ci gaba da aiki da batirinta, mai ita bai ma lura an canza wuta ba. Haka in wutar ta zo da rauni. Akwai kuma al'adar nan tamu ta sauya caja: ta rauta ta ƙone, sai a ɗauko duk wadda bakinta ya shiga. Yawancin rautocin gida volt 12 suke ci, kuma in cajar ba ta ba da isasshen ƙarfi, fitilu za su kama amma na'urar ta riƙa sarewa in aiki ya yi mata yawa. A duba rubutun da ke ƙasan rautar, a sayi wadda ta dace.

Mu mutane ne masu kyauta, kalmar sirrin Wi-Fi ba ma hana ta. Ƙanin matar gida ya karɓa, abokinsa ya karɓa, yaran zaure suka karɓa. Ban ce a daina ba, maƙwabtaka ta fi data. Amma in kullum bayan sallar isha'i ne abin ke lalacewa, lokacin da kowa ya buɗe YouTube yana kallon fim, to ba ciwo ne a na'ura ba, masu ɗiba ne suka yi wa rijiya yawa. Bangon bulo da ƙofar ƙarfe ma suna cin sigina. Rautar da ke da zango biyu, na 2.4 GHz ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso, na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya nisa.

In kuwa wayar hannu tana aiki sumul a kan Wi-Fi ɗin a daidai lokacin da kwamfuta ta yanke, an wanke rauta da kamfani, sai a duba kwamfutar kanta. A cikin saitin Windows akwai zaɓin da ke bai wa kwamfuta damar kashe na'urar Wi-Fi ɗinta don tattalin batir, kuma cire shi ya warware wa mutane da yawa matsala. Mai amfani da kebul ya duba ɗan harshen roban da ke riƙe shi a rami, in ya karye, taɓa tebur kaɗai ya isa ya yanke sabis.

Yaran da suka iya kwamfuta suna da gwajin da ke raba gardama, ana ce masa ping. A aika shi ga rautar, wadda adireshinta yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, a kuma aika wani ga 8.8.8.8 na Google, a bar su suna ta tafiya. In duka biyun suka yanke tare, matsalar tana tsakanin kwamfuta da rauta, ko a rautar kanta. In na waje ne kaɗai ya yanke, yanzu kam a kira kamfani.

Don Allah, jama'a, kafin a kashe kuɗi a sayi sabuwar rauta ko a sauya layi, a ɗauki biro da takarda, a riƙa rubuta lokacin da sabis ya yanke da abin da ke faruwa a gida a sa'ar. A yi haka kwana uku, sannan a kai wa mai gyara takardar.