Wa Ke da Hanya a Shataletale?

Dokar hanya ta ce wanda ya riga ya shiga shataletale shi ke da hanya, mai shigowa ya dakata wa na hagunsa. Haka abin yake tun 1972, da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Amma a Kano, musamman wajen Bata da yamma, akwai dokar da ba a rubuta ba: wanda ya fara cusa hancin motarsa shi ne mai gaskiya. Tirela ba ta neman izini, girmanta ya ishe ta. Mai adaidaita sahu kuwa, in ya ga ɗan giɓin da akuya ma za ta yi shawara, sai ya shige, sannan ya leƙo ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji!" Ba ka je Makka ba, amma an ba ka kujera kyauta, ina bakin faɗa?

Babbar masifa ita ce haɗuwar masu kara biyu. Wannan ya ɗaga hannu, "Bismillah, wuce." Wancan ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, kai ne babba." Suna ta girmama juna, na baya suna ta danna hon, har ɗan KAROTA ya taso daga inuwa ya cafke na ukun da ya gaji ya bi hannun da ba nasa ba.