Mutanen Daftari: Masu Jinyar Bidiyon da Bai Taɓa Fita Ba

A shafin ƙarshe kafin bidiyo ya fita duniya, manhajar TikTok ta jera maɓallai biyu kafaɗa da kafaɗa. Na dama shi ne na saki, da an taɓa shi kowa ya gani. Na hagu kuwa na ajiya ne, bidiyo ya koma ya kwanta a matsayin daftari, ba mai ganinsa sai mai wayar. Instagram da YouTube ma kowa da irin nasa. A Satumbar 2021 kamfanin TikTok ya sanar cewa masu shiga manhajar a kowane wata sun kai biliyan 1, kuma duk lissafin da ake yi na abin da aka saki ne. Amma mai son sanin halin mutum, maɓallin hagu zai bi. Abin da aka saki kayan Sallah ne, an goge an fesa turare, daftari kuwa tufafin zaman gida.

Sarkin wannan jama'a shi ne Malam Saura-kaɗan. Bidiyonsa bai wuce sakan 20 ba, amma ya shiga mako na uku yana jinyarsa. Bayan sallar isha za a same shi a ƙarshen bencin mai shayi, abin sauraro a kunne, 'yan majalisa suna ta musun ƙwallo, shi kuwa ya sa yatsu biyu yana buɗa hoton a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut don ya cire rabin sakan ɗin da ya ƙifta ido. Shayi ya huce, ƙuda ya faɗa ciki, bai sani ba. Da ya yanke ƙiftawar sai baki ya daina tafiya daidai da sauti. Da ya daidaita sauti sai ya hango wani tsohon silifa ƙafa ɗaya a bayansa, jikin bango, wanda duk kwanakin nan bai lura da shi ba. Shi ke nan sai an sake ɗaukar wannan gaɓar. Matsalar ita ce tsakanin ɗaukar farko da ta biyu ya je wurin wanzami, don haka bidiyon ya fara da mutum mai suma ya ƙare da mai ƙwalƙwal. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai saki, amsar ɗaya ce, daga ita ya samo sunansa.

A yi masa adalci, yana da hujja. Bidiyo in ya fita ba a sake yanka jikinsa, sai dai a goge shi a ɗora sabo, a yi asarar duk kallo da sharhin da ya tara. Daftari ne kaɗai wurin da almakashi ke aiki. Sai dai waƙar da ke tashe ba ta jiran kowa, in ta yi mako biyu ta tsufa, wani lokacin ma ɗauke ta ake yi ɗungurungum. A farkon Fabrairun 2024 kamfanin Universal Music Group ya janye waƙoƙinsa daga TikTok saboda saɓani kan kuɗi, ba su dawo ba sai a watan Mayu. Bidiyoyi masu ɗimbin yawa suka koma bebaye, mutane suna ta karkaɗa kafaɗa suna motsa leɓe babu kiɗa. Duk Saura-kaɗan ɗin da ya ɗora rawarsa a kan ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sami sabon dalilin ƙara wata uku.

Kishiyarsa a wannan fage ita ce Hajiya A-ƙara. Shi ragewa yake yi, ita ba ta taɓa buɗe daftari ta rufe shi yadda ta same shi ba. Kuma kamfanonin ne suka ɗaure mata gindi. Manhajar Vine, wadda aka rufe a Janairun 2017, sakan 6 kacal take bayarwa. TikTok ta fara da sakan 15, ta koma minti 1, ta kai minti 3 a 2021, sannan minti 10 a 2022. YouTube ta ja nata gajerun bidiyoyin zuwa minti 3 a Oktoban 2024, Instagram ta bi sahu a Janairun 2025. Duk filin da aka buɗe, Hajiya ta gina shi. Asalin bidiyon yadda ake kwaɓa ɗanwake ne. Ranar farko ta ƙara sallama da gaisuwa ga mabiyanta na gida da na waje. Kashegari ta liƙa rubutu ja a sama, rawaya a ƙasa, da zukata masu yawo a tsakiya. Rana ta uku ta sa filtar da ke goge fuska ta tsuke hanci, har ita kanta mahaifiyarta sai an yi mata rantsuwa. Aka ƙara sautin tafi, aka ƙara juyawar allo tsakanin kowace gaɓa, aka manta da tambarin CapCut a ƙarshe, alhali taɓawa ɗaya ke cire shi. Kafin tukunya ta bayyana, mai kallo ya shafa allo ya wuce tun tuni, garin rogo da kuka da kanwa kuwa suna can ƙarƙashin rubutu ba mai ganinsu.

Akwai kuma mai kwamiti. Wannan ba ya sakin komai sai ya sauke daftarin ya tura wa aminai ta WhatsApp a ba shi shawara. Ɗaya ya ce a rage, ɗaya ya ce a ƙara, na uku ya ce hular ba ta dace da rigar ba. Daga nan abin ya isa hannun gwaggo, wadda Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da aka kafa tun 2001, ba ta kama ƙafarta wajen tsanani ba. "Ɗan nan, wannan murguɗa bakin na mene ne? Gidan mutunci ka fito." Kafin kwamiti ya kammala zama, duk unguwa ta riga ta kalli bidiyon, ranar da aka sake shi ba sauran mai sha'awa.

Jarumin daftari shi ya fi ban dariya, shi kuma ya fi cancantar uzuri. Da an ɗauke wuta ko an ƙara kuɗin mai, sai ya kulle ɗaki ya jingina waya da kwalbar ruwa ya fara. Ya ambaci gwamna da sunansa, ya nuna yatsa, ya buga ƙirji, ya rantse ba ya tsoron uban kowa. Ya gama yana haki, ya danna maɓallin hagu. Da safe sai aikin gyara: a cire sunan a bar "wasu shugabanni", a cire yatsan, a cire rantsuwar. Zuwa la'asar abin da ya rage shi ne sallama da addu'ar Allah ya ba mu shugabanni nagari, shi ma sai ya ga kamar da habaici a ciki. Tsoron nasa ba daga sama ya faɗo ba. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, kan wani bidiyon barkwanci da aka ce ya ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. An kuma umarce su da su fito kafar sada zumunta su nemi afuwa, abin da ba shi yiwuwa a ajiye a daftari. Jarumi yana sane da wannan shari'a sarai, ya fi lauya haddace ta.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai kaurin yatsa, wanda ya nufi hagu ya taɓa dama. Minti biyar ya yi kafin ya farga ya goge, amma a minti biyar ɗin wani ya riga ya naɗi allon, kuma galibi wanin nan ƙanin matarsa ne.

Wani rukunin aikinsa cire mutum. An ɗauki bidiyon kamu ko na dina, ƙawaye sun jeru cikin anko suna juyi, kafin a gama gyara an ɓata da ɗaya daga cikinsu. Da yake allon a tsaye yake, faɗi 9 tsawo 16, ba wurin ɓoye kowa, sai a yi ta jan hoton ana matso da shi har ƙawar ta fice ta gefe. Ba ta taɓa ficewa duka. Kullum sai an bar gwiwar hannu da lalle, ko bakin gyale, su kuwa 'yan sharhi da wannan gwiwar kaɗai za su gane ta, su ambace ta da sunanta har da na unguwarsu. Irin wannan jan hoto ne ke cin mai tsallaka bidiyo daga TikTok zuwa Instagram. Tun Fabrairun 2021 Instagram ta ce za ta rage tura bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja, shi kuma tambarin TikTok ba ya zama wuri ɗaya, yawo yake yi daga wannan gefe zuwa wancan. Garin yanke shi sai mutum ya yanke rabin hularsa.

In ana neman mai hankali a cikinsu, 'yar kasuwa ce. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ta san abin da aka yi daftari dominsa. Ranar da aka kawo wuta, rana ta fito tas, yara suna makaranta, sai ta ɗauki bidiyon mako guda a zama ɗaya, tana canza gyale tsakanin kowanne don kada a gane. Ta jera su tana saki ɗaya-ɗaya, musamman tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya koyi lissafi. Abu ɗaya ne ke kayar da ita, wato farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni, kuɗin da aka faɗa da baki ranar Litinin ba lalle ya kai Juma'a ba. Gogaggu sun daina furta farashi a bidiyo, rubutawa suke yi a kai, don rubutu ana gyara shi kafin saki. Sababbin shiga kuwa su ne ake ji suna ba da haƙuri a sashen sharhi.

Sai Alhaji Ma'aji, wanda ba ya gyarawa, ba ya saki, ba ya gogewa. Tarawa kawai yake yi. Akwai sunan ɗan yayarsa a ciki, akwai hawan Daushe na shekaru uku da suka wuce, akwai wata barkwancin da zai ƙarasa in ya sami lokaci. Wayarsa Tecno ce ko Infinix, kullum tana kukan wuri ya cika, shi kuwa gara ya goge hotunan iyali da ya taɓa daftari ko ɗaya. Abin da bai taɓa tsayawa ya fahimta ba shi ne daftarin TikTok a cikin wayar yake zaune, ba a rumbun kamfanin ba. In aka cire manhajar ya tafi. In aka canza waya ba ya bin mutum. In 'yan ƙwacen waya suka tare shi, sun tafi da shi har da hawan Daushen. Instagram ma ba ta da dogon haƙuri, daftarin Story kwana 7 yake yi ta share shi da kanta.

Ranar da wayar ta ƙi tashi, Alhaji ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mai gyara ya juya ta, ya ce sai filashin. Alhaji ya ce a yi, ya je ya yi sallah ya dawo. Waya ta tashi fes kamar yau aka ɓare ta, ya sauke manhaja, ya shiga shafinsa, mabiyansa suna nan cif, wurin daftari kuwa wayam.

"Injiniya, ina kayana?"

"Wane kaya, Alhaji?"

"Bidiyoyina da na ajiye. Ai shafin nawa ne, ga sunana."

"Alhaji, ai na tambaye ka ko akwai abin da za a kwashe, ka ce lambobi kawai."

Nan ake tara jama'a. Maƙwabcin shago ya leƙo ya ce da ya sani ya saki bidiyon a matsayin wanda shi kaɗai zai gani, ko ya sauke su cikin waya ya kwafe a katin memori, shawarar da take daidai ɗari bisa ɗari, sai dai ta makara da awa biyu. Alhaji ya biya kuɗin aiki ya fita, a bakin ƙofar kasuwa ya ɗauki bidiyo yana bayyana takaicinsa, ya ajiye shi a daftari.

Mai fakewa da daftari ba ya cikin waɗannan, sojan gona ne. Ya yi wanka, ya yi kwalliya, ya kunna fitilar zobe, ya maimaita ɗauka har batir ya yi ja, sannan ya saki da rubutun cewa wannan tsohon abu ne da ya tsinta a daftari, da ma gogewa zai yi. In aka yaba, ya nuna ko sharar wayarsa ta fi ƙoƙarin wasu. In aka kushe, ai ya riga ya faɗa.

Duniya ta taɓa leƙa waɗannan ma'ajiyoyi da yawa a lokaci guda, a Amurka. Doka ta ba kamfanin ByteDance na ƙasar Sin wa'adin 19 ga Janairun 2025 ya sayar da TikTok ko a rufe ta, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar ranar 17 ga watan. Mutane sun tuna abin da ya faru a Indiya, inda aka haramta manhajar a ranar 29 ga Yunin 2020 ba ta kuma dawo ba. Sai kowa ya buɗe daftarinsa ya zazzage: rawar da aka yi tuntuɓe a ciki, waƙar da murya ta sarƙe, kukan da aka fasa nunawa. Wasu fitattu har suka riƙa tona asirin kansu, tunda ai gobe babu kasuwar. Manhajar ta ɗauke a daren 18 ga Janairu, ba ta cika kwana guda ba ta dawo, da duk abin da aka zazzage yana nan a shafin kowa. Waɗanda suka yi zuciya suka cire ta daga wayoyinsu kuwa sun rasa daftarinsu, kuma ba su sami damar sake sauke ta daga shagunan Apple da Google ba sai ranar 13 ga Fabrairu.