Kilo 23 da Saƙon Mutanen Zongo

A Zongon Lome ba a tafiya a ɓoye. Tun da gwamnati ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977 ta mayar da jama'a can arewa wajen Agoe, gidajenmu suka yi nisa da babbar kasuwa, amma kunnuwanmu ba su yi nisa da juna ba. Na yanki tikitin jirgin sama zuwa Kano don ɗaurin auren ɗan yayana, na gaya wa uwargida ita kaɗai bayan la'asar, na roƙe ta ta kama bakinta. Ta kuwa kama. Ƙanwarta kaɗai ta gaya wa. Ana sallame sallar isha'i liman ya juyo ya ce, "Malam, an ce Kano za ka, a jirgi? Allah ya kiyaye hanya. Akwai ɗan saƙo."

Washegari tun kafin a sha koko zaurena ya cika. Gwaggo ta aiko da turamen atamfa daga kasuwar Asigame, wai na lefen wata jikarta da ke Fagge. Kawu ya zo da kansa, yaro na biye da shi da galan ɗin man ja a ka. Maƙwabciya ta kawo garin kwaki, wata ta kawo sabulun salo curi-curi, wata busasshen kifi da jatan lande a ƙunshe cikin takardar siminti, wata kuma kwalbar man shanu. Na daɗe ina tunanin wannan man shanu, domin kai man shanu Kano daga bakin teku sai mutumin Zongo. Saƙon liman kuwa agogon bango ne mai kiran salla. Kowa da ya dire nasa sai ya ce, "Ai ba nauyi."

Na ɗauko takardar tikiti na nuna wa Kawu inda aka rubuta kilo 23. Ya karɓa, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Wannan na Turawa ne," in ji shi. "Mu da muka hau Air Afrique zuwa Makka, har da buhun gero muka shiga, ba wanda ya ɗaga mana murya."

Duk tsohon alhajin da ke Zongo yana da labarin Air Afrique, kuma kullum buhun da ke cikin labarin ƙara girma yake yi. Kamfanin dai gaskiya ne. Ƙasashe 11 suka haɗu suka kafa shi a 1961, hedikwatarsa na Abijan, bashi ya durƙusar da shi a 2002. Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003, na Gana ma bai daɗe ba ya bi sahu. Aka shiga wani zamani da mutum zai tashi daga wani birnin Afirka ta Yamma zuwa maƙwabcinsa, sai ya tsinci kansa yana jiran jirgi a Faris. Wannan giɓin ne ya sa Gervais Koffi Djondo, ɗan Togo da ke cikin waɗanda suka kafa Ecobank, ya tsaya aka kafa ASKY, wanda ya fara tashi a 2010 da haɗin gwiwar kamfanin jiragen Habasha. Lome ta zama mahaɗa, aka buɗe sabon ginin filin jirgi a 2016, har aka fara tashi zuwa Amurka daga nan kai tsaye. Na so in yi wa Kawu wannan bayani, amma shi tambayarsa ɗaya ce: man jansa zai je ko ba zai je ba?

Ni kuwa ba da kamfanin gida na yanki tikiti ba. Wani yaro mai shagon intanet ne ya laluɓo mini mai rahusa a wani kamfani da ba zan kama sunansa ba, daga Lome zuwa Legas, daga can in canja wani zuwa Kano.

Don kada a ji kunya a gaban mutane, muka ɗora akwatin a kan zemijan, wato babur ɗin haya, muka kai wa ɗan gwangwan ɗin unguwarmu ya auna. Ya rataya a sikelinsa, ya leƙa, ya ce kilo 22, har da sauran wuri. Aka yi murna, Gwaggo ta ƙara turmi ɗaya. Ba wanda ya tuna cewa sikelin ɗan gwangwan na saye ne, ba na sayarwa ba, kuma tun da aka ƙera shi bai taɓa faɗin nauyin abu ya cika ba.

A filin jirgi sikelin ya nuna 34. Yarinyar da ke kan kanta ta dube ni, ta dubi lambar, ta faɗi kuɗin rarar cikin ladabi da Faransanci mai daɗi. Na lissafa a zuci, na ga in na biya, garin kwakin nan zai fi shinkafar bikin tsada. Na ce mata saƙon mutane ne. Ta yi murmushi ta ce na'urar ba ta da gurbin rubuta wannan.

Na ja akwatin gefe na zuge. Galan ɗin man ja da ma an ce ko kusa ba zai shiga ba, na fita na miƙa wa 'yan rakiya, Kawu ya karɓa ba tare da ya dube ni ba. Sauran kuwa wata 'yar kasuwa da ke bayana a layi ce ta ba ni shawara, da alama ta saba: "Alhaji, ba a auna abin da ke jikin mutum." Na shiga banɗaki na sa manyan riguna uku da na ɗauko na biki, ɗaya kan ɗaya. Na naɗa turmin atamfa guda a ciki, na rataya wani a kafaɗa. Sabulun salo ya shiga aljifai, agogon liman ya shiga jakar hannu. Na fito kamar rumbu ya yi ƙafa, a cikin zafin Lome da ko mai singileti gumi yake yi.

Wurin bincike aka ce in cire takalmi, in cire hula, in fito da abin da ke aljihu. Na fara fito da sabulu. Curi na farko, jami'in ya shinshina. Na biyu, ya kira abokin aikinsa. Na huɗu, suka kira wata mata daga cikinsu, ta duba ta ce ai da shi take yi wa 'ya'yanta wanka, aka sake ni. Kwalbar man shanu ce ba ta tsira ba. Tun 2006, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari da ruwan sinadari a Landan, aka hana shiga jirgi da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a hannu. Na ce ai man shanu daskararre ne. Jami'in ya karkata kwalbar, man ya gangara a hankali ya ƙaryata ni. Ana cikin haka agogon liman ya ga lokaci ya yi, ya ɗaga murya daga cikin na'ura ya kira azahar.

A cikin jirgi kujerar tsakiya aka ba ni. Kamfanonin yanzu kowane taku na cikin jirgi kuɗi ne a wurinsu, shi ya sa gwiwar mutum ke gaisawa da bayan kujerar gaba. Ɗamarar kujera ta ƙi zagaye riguna uku da atamfa, sai da ma'aikaciya ta kawo ƙari, maƙwabtana biyu kowa ya karkata waje guda. Aka raba biskit da ruwa. Ina kokawa da ledar biskit ɗin aka ce a shirya sauka. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma da na duba agogon Legas sai na ga an ƙara wata awar, domin Nijeriya na gaban Togo da awa guda. Ita ma ba a mayar mini ba.

A Legas na fahimci rahusar tikitina. Ginin jiragen ƙasashen waje dabam, na cikin gida dabam, kuma ba wanda zai kai maka kaya. Na karɓi akwati, na nemi tasi, muka shiga cunkoso. A kantar kamfani na biyu aka ce nasu kilon bai kai 23 ba. Ba sauran rigar da zan ƙara, na canja sefa zuwa naira na biya.

Sai jira. Aka ce an ɗaga tashi da awa ɗaya saboda wasu dalilai na aiki. Aka sake ɗagawa saboda dalilan nan dai. Bayan magariba aka fito da gaskiya: hazo ya rufe Kano, matuƙi ba zai ga titin sauka ba. Wannan kam ba laifin kowa ba ne, duk mai tafiya arewa lokacin hunturu ya san da shi. Fasinjoji suka yi wa kanta tsinke, wani mai kwat yana ta faɗin ko su waye ya sani a Abuja, yaron da ke kantar yana ta danna kwamfuta don kada ya ɗago ido. Na kira gida. Kawu ya karɓi wayar daga hannun uwargida ya ce, "Sauri ya haifi nawa," ya kashe.

A daren nan ne kaɗai kayan mutanen Zongo suka yi mini rana. Sanyin na'ura ya sa masu kwat suna karkarwa a kan kujerun ƙarfe, ni kuwa na shimfiɗa atamfar jikar Gwaggo, na yi matashi da riga ɗaya, na lulluɓa da biyu. Agogon liman ya tashe mu da asuba, a lokacin Lome.

Hazo bai yaye da wuri ba. Da muka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano, an riga an ɗaura aure, an raba goro, an watse. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a garin nan, amma akwatina bai samu labari ba, aka ce ya wuce Fatakwal, in bar lambar waya. Na isa gidan yayana da riguna uku masu ƙamshin sabulun salo, aka kawo mini abinci. Na ga miyar ta yi ja sosai, na yaba.

"Ai man Kawu ne," in ji matar yayana. "Wani yaronku ya kawo, a mota ya zo."

Ashe ina ba da baya Kawu ya kai galan ɗin tasha, ya haɗa shi da wani ɗan unguwa mai zuwa Kano ta Kwatano da Seme. Ba wanda ya auna shi, ba wanda ya shinshina shi, kuma ya riga ni cin biki.

Na ji shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja a Disamban 2024 sun amince a soke wasu haraji na tikitin jirgi, a kuma rage kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ake cazar fasinja, tun da yankinmu na cikin wuraren da hawa jirgi ya fi tsada. Shugaban Togo na wancan lokaci ma shi aka ɗora wa jagorancin shirin haɗe sararin samaniyar Afirka ya zama kasuwa ɗaya a 2018. Madalla da wannan. Amma ranka ya daɗe, in an sake zama, a tuna da mu 'yan Zongo, a ƙara mana kilo.