Ranar da Na Yi Anko da Bango

Saƙon ya shigo wayata ranar Laraba da la'asar, ina shagon yayana kusa da ƙofar jami'ar ATBU ta Gubi, ina ɗinke wa ɗalibai takardu. Wani gidan talabijin a cikin garin Bauchi, wanda na kai wa takardun neman aiki tun kafin azumi, ya ce in zo ranar Litinin ƙarfe 9 na safe, za a gwada ni gaban kyamara. Na karanta sau uku, na miƙe, na ce wa yayana ya fara neman wani yaron shago.

Da na isa gida na ce, "Inna, zan fito a talabijin."

Ta ajiye muciya ta ce, "Innalillahi! Me ka yi?"

A iya saninta, ɗan talaka ba ya fitowa a akwatin nan sai in 'yan sanda ne suka zaunar da shi a ƙasa.

Gida babu wurin gwaji, yara sun yi yawa. Sai na kwashi tsofaffin jaridun Aminiya na nufi bakin madatsar ruwa ta Gubi, wadda ke shayar da garin Bauchi. Na jingina waya da dutse, na gyara murya, na yi wa shanun da suka zo shan ruwa barka da warhaka. Kwana biyu ina karanta musu kasafin kuɗi, babu wadda ta ɗago kai. Wanda ya tanka mini shi ne wani masunci: "Malam, don Allah rage murya, kana korar mini kifi."

Babbar matsalar wani abokina da ya yi karatu a Kano ne ya tono ta. Ya saurari abin da na naɗa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai Bausanci nake yi. Mu a nan komai namiji ne: motan gwamna, kasuwan Wunti, rigan sarki. Hausar labarai kuwa sai ka ce motar, kasuwar, rigar. Na ce to wa ya ɗaura wa kasuwa ɗankwali? Ya ce tambaya ba ta kama ni ba, hadda ce ta kama ni. Haka na kwana biyu ina zagaya ɗaki ina raba kayan Inna maza da mata: kujera mace, tebur namiji, tukunya mace, murhu namiji. Da na zo kan ruwa da gida, abokin ya ce waɗannan maza ne ko da sun ƙare da "a". A nan na gane cewa su ma Kanawan ba su gama shirya abin ba.

Saura sutura. Ina yaro na sha kallon Cyril Stober a labaran ƙarfe 9 na NTA, da kayan gida da hula zaune daram, don haka ban yi shawara da kowa ba. Na tafi wurin Kawu na ari babbar rigarsa, shadda kore shar, wadda ya ɗinka don auren 'yarsa. Ya ba ni da sharuɗɗa: ban da miyar manja, ban da zama da ita a Keke Napep, kuma in gaya masa ranar da za a nuna. Na kai ta wurin masu bugu ta dawo tana ƙyalli. Ranar Litinin na rungume ta cikin leda tun daga Gubi, ko masar da na saya a hanya ban yarda na ci ba, sai da na iso bakin gidan talabijin na zura ta.

Mu goma sha wani abu ne a layi. Da aka kira ni, wata baiwar Allah ta shafe mini fuska da hoda, wai goshina yana ƙyalli. Na yi addu'a kada labari ya kai Gubi. Aka maƙala mini 'yar makirfo a wuya, aka zaunar da ni. Na waiga, sai ga bangon bayana kore shar, sak rigar Kawu. Na ce a raina, alamar nasara ke nan, har ɗakin ya yi anko da ni.

Ashe bangon nan aikinsa daban. Kwamfuta ce ke goge duk abin da yake kore, ta ɗora hoto a gurbinsa. Ba ta san bango ba, ba ta san shaddar Kawu ba.

Rubutu ya fara tafiya a gilashin gaban kyamara, rahoto ne kan gandun dajin Yankari. Layi biyu na farko na yi su lafiya. Sai na ji mai kyamara yana tari irin na mai ɓoye dariya. Na saci kallon akwatin da ke gefe. Ga giwaye suna tafiya, ga kaina da hula yana shawagi a tsakaninsu, ga tafin hannu biyu can ƙasa, kowanne yana harkar gabansa. Gangar jiki babu.

Duk haddar kwana biyu ta zube. Rubutun ya ce wata giwa ta haihu. Ni kuwa da muryar da na horar a bakin ruwa, na sanar da jama'ar jihar Bauchi cewa wani giwa ya haihu, kuma shi da ɗansa suna cikin ƙoshin lafiya.

Sai da shugaban masu gwajin ya share hawaye sannan ya sa aka aro mini kwat ɗin wani ma'aikaci, na sake karantawa, hannun kwat ɗin bai kai tsintsiyar hannuna ba. Suka ce za su kira. Wata bakwai ke nan, kuma yayana bai ɗauki wani yaron shago ba.

Kawu kuwa har yau, duk wanda ya yaba rigar a masallacin Juma'a, sai ya ce masa ai wannan har talabijin ta fito.